Haruffa uku a ƙasan zane: Takun-saƙar masu zane da masu wasannin rubutu a intanet

Waɗanda suka riski intanet a ƙarshen shekarun 1990 za su iya tuna wasu zane-zane da ake yawo da su a saƙonnin imel: mage, mujiya, jirgin ruwa, fure, duka an haɗa su da haruffa da alamomin da ke kan madannan kwamfuta. Babu launi, babu fenti. A jikin da yawa daga cikinsu akwai ƙananan haruffa uku, jgs.

Sa hannun wata Ba'amurkiya ne mai suna Joan G. Stark. Ta zana ɗaruruwan irin waɗannan hotuna, ta tara su a shafinta na GeoCities inda kowa ke iya shiga ya gani. Abin da ita da takwarorinta suka riƙa roƙo bai taka kara ya karya ba: idan an ɗauki zane, a bar haruffan sunan mai shi a inda ya sa su. Amma goge haruffa uku aikin daƙiƙa biyu ne, kuma mutane sun yi ta gogewa, wasu ma su maye gurbinsu da nasu. Har yau manyan rumbunan da ke adana irin wannan zane a intanet suna maƙala gargaɗin kada a cire sunan mai zane.

Ana kiran fasahar zanen ASCII, daga sunan tsarin haruffan kwamfuta da aka soma fitarwa a Amurka a 1963. Tsarin na da gurabe 128, kuma 95 ne kawai daga ciki ake iya gani a rubuce. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu, shi ya sa Hausawan da suka fara rubutu da kwamfuta suka daɗe suna fama da k' da d', ko su bar harafin ba lanƙwasa. Da waɗannan alamomi 95 ne masu zane irin su Stark suke fitar da fuka-fukin tsuntsu da gashin mage, layi bayan layi.

Ɗaya daga cikin wuraren da wannan zane ya samu masauki shi ne wasannin rubutu na intanet. A can ne kuma batun haƙƙin mai zane ya zama rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wasan da ba a ganin komai sai kalmomi

Yadda ake yin sa ba wuya. Kwamfuta ko waya za ta rubuto maka cewa kana tsaye a bakin wata kasuwa, gabas da kai ƙofar gari ce, yamma kuma rijiya. Kai kuma ka rubuta abin da za ka yi: ka nufi gabas, ka ɗauki takobi, ko ka gaida mutumin da ke bakin rijiyar. Idan wasan na jama'a ne, mutumin nan ba na'ura ba ne, wani ɗan wasa ne da ke zaune a wata ƙasa yana rubuto nasa.

Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, shi ya fara rubuta wasan da aka sa wa suna MUD a 1978, daga baya abokin karatunsa Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Sunan ya bi duk dangin wasannin. Wasu daga cikinsu suna nan da ransu, kamar Achaea da aka buɗe a 1997, da Discworld MUD wanda aka gina kan duniyar littattafan marubucin Birtaniya Terry Pratchett tun farkon shekarun 1990. Akwai kuma irin su Fallen London na kamfanin Failbetter Games, wanda ya fito a 2009. Ban da waɗannan, dubban mutane na haɗuwa a Discord da Tumblr su ƙirƙiri duniya, kowa ya ɗauki jarumi guda, su riƙa rubuta labari bi-da-bi. Ga mai lissafin data, da wuya a samu wasan da ya kai waɗannan sauƙi.

To me ya haɗa wasan da ba shi da hoto da masu zane? Amsar ita ce, ɗan Adam na son ya gani da idonsa. Shafin shiga wasan na buƙatar ado, sau da yawa dodo ko ganuwa da aka zana da haruffa. Ana buƙatar taswirar gari. Ana buƙatar hoton talla da zai jawo sababbin 'yan wasa. Uwa-uba kuma, ɗan wasan da ya shafe watanni yana rayar da jarumarsa da alƙalami yana son ya nuna wa abokan wasa fuskarta. Akasarin masu gudanar da waɗannan wasanni 'yan sa-kai ne, marubuta da masu haɗa manhaja waɗanda ba su iya zane ba, kuma ba su da kuɗin ɗaukar mai zane aiki. Sai su shiga Google.

Darasin da aka koya daga Denmark

Abin mamaki, duniyar MUD ta san zafin goge suna tun kafin batun hotuna ya taso.

Tsakanin 1990 da 1991 wasu mutum biyar a sashen nazarin kwamfuta na Jami'ar Copenhagen, wato Sebastian Hammer da Michael Seifert da Hans Henrik Stærfeldt da Tom Madsen da Katja Nyboe, suka rubuta DikuMUD, suka raba shi kyauta. Kowa na iya ɗauka ya gina nasa wasan a kai. Manyan sharuɗɗan su ne kada a nemi riba da shi, kuma sunayen waɗanda suka rubuta shi su fito a shafin shiga wasan. Ɗaruruwan wasanni suka tsiro daga wannan tushe.

An shafe shekaru ana zargin masu wani wasa mai suna Medievia da cire sunayen tare da karɓar kuɗi daga 'yan wasa, su kuma suna cewa sun sake rubuta manhajar gaba ɗaya. Lokacin da EverQuest ya fito a 1999, raɗe-raɗin cewa an gina shi kan DikuMUD ya yi ƙarfin da sai da masu shi suka fitar da takardar rantsuwa a 2000 cewa ba su yi amfani da rubutun manhajar Diku ba.

Ke nan mutanen da ke cikin wannan harka sun san darajar suna idan aikin na mai haɗa manhaja ne. Abin da ya ɗauke su lokaci shi ne fahimtar cewa dodon da ke saman shafin shiga, wanda aka kwafo daga wani wuri aka share haruffan da ke ƙasansa, shi ma wani ne ya ɓata dare yana jera shi.

Fuskar da aka aro

Inda abin ya fi tsami a yau shi ne hoton jarumi. Ɗan wasa zai ƙirƙiri wata mayaƙiya mai tabo a kunci, ya shiga Pinterest ya rubuta siffofinta, hotuna su zubo. Ya zaɓi ɗaya, ya datse gefen da sa hannu yake domin hoton ya shiga ɗan akwatin da wasan ya tanada, wataƙila ya sauya launin idon. Shi ke nan, mayaƙiya ta samu fuska. A ransa bai yi laifin komai ba, tunda ba sayarwa ya yi ba.

Amma hoton yana da tarihi. Mai yiwuwa wata mai zane ce ta wallafa shi a DeviantArt, wanda aka kafa a 2000, ko ArtStation, ko Pixiv na Japan da ya fara aiki a 2007. Wani ya kwafe shi zuwa Pinterest ba tare da suna ba, wani ya sake kwafa daga wurinsa. Kafin ya iso hannun ɗan wasanmu ya bi ta hannu goma, kuma babu abin da ya rage da zai kai mutum ga mai shi.

Ga mai zanen da ke cin abinci da hannunsa, sunan nan shi ne allon shagonsa. Yawancin masu zane a waɗannan shafuka suna samun aiki ne idan wani ya ga zanensu, ya burge shi, ya bi sunan ya same su ya ce a zana masa nasa. Hoton da ya zagaya duniya babu suna kamar tela ne da ɗinkinsa ya cika gari, amma ba wanda ya san rumfarsa.

Akwai kuma wani ɓangare da 'yan wasa kan manta. Da yawa daga cikin hotunan nan ba zanen sha'awa ba ne, aikin kuɗi ne. Wani ya ƙirƙiri jaruma, ya ba ta suna da tarihi, ya biya mai zane ya fitar masa da ita yadda yake ganin ta a zuci. Rana ɗaya sai ya tarar da fuskarta a wani wasa, da wani suna, ana rubuta mata halayen da bai taɓa tunani ba, wani lokaci har da batsa ko zubar da jini. Doka ba ta cika damuwa da wannan ciwo ba, domin sau da yawa haƙƙin mallakar na hannun mai zanen ne, ba wanda ya biya ba, sai idan sun yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Amma a tsakanin 'yan wasa, wannan na daga cikin abubuwan da suka fi haddasa gaba.

Masu zane na Japan sun fi kowa tsauri a nan. Da yawansu na rubuta a saman shafinsu, da Japananci da Turanci, cewa ba su yarda a sake wallafa aikinsu a ko'ina ba, ko da an ambaci suna. Wasu idan abin ya ishe su sai su kwashe zane-zanensu gaba ɗaya su rufe shafin.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa. Mutane na ɗauka cewa rubuta sunan mai zane a ƙasan hoto ya wadatar. Ambaton suna daban, izini daban. Mafi muni shi ne wanda zai rubuta cewa hoton ba nasa ba ne, godiya ga mai shi ko wane ne. A ganina wannan ya fi yin shiru ban haushi, domin ya nuna mutum ya san akwai mai shi, ya dai ga ba zai wahalar da kansa nemansa ba. Alhali neman ba wuya: Google Lens da TinEye da SauceNAO duk suna karɓar hoto su nuna inda ya fito, a wayar hannu ma.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya da Nijar da akasarin ƙasashen duniya ke ciki, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka na samuwa ne da zarar an yi aikin. Ba sai an yi rajista ba, ba sai an buga wata alama ba. Sa hoto a intanet bai mayar da shi na kowa ba. Yarjejeniyar ta kuma amince da haƙƙin mai aiki na a jingina masa aikinsa, da haƙƙinsa na ƙin a jirkita shi ta yadda zai zubar masa da mutunci.

Tunda manyan dandalin da ake waɗannan wasanni na Amurka ne, dokar da ta fi aiki a kansu ita ce DMCA ta 1998. Mai zane zai aika takardar ƙorafi, kamfanin ya sauke hoton domin ya tsira daga ƙara, kuma wanda aka yi ta kamawa na iya rasa shafinsa ɗungurungum. Ga wasan da mutane suka shekara biyar suna rubuta tarihinsa a wuri guda, wannan ba ƙaramar asara ba ce. A kotunan Amurka, diyyar da doka ta ƙayyade kan aikin da aka yi wa rajista tana farawa daga dala 750 zuwa 30,000, tana iya kaiwa 150,000 idan da gangan aka yi. Tun 2022 kuma akwai wata ƙaramar hukuma a can da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta intanet, wadda ba ta wuce dala 30,000.

Gaskiyar magana, ba kasafai mai zane ke kai wasan 'yan sa-kai kotu ba. Kuɗin lauya ya fi abin da zai samu. Makaminsa shi ne fallasa, kuma ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana. A 2021 Wizards of the Coast, masu wasan katin Magic: The Gathering, sun dakatar da aiki da wani mai zanensu bayan an gano ya kwafi zanen dodon da wani masoyin wasan ya yi. A watan Mayun 2025 kamfanin Bungie ya amsa cewa zane-zanen wata mai fasaha da ake kira Antireal sun shiga wasansa na Marathon ba da izininta ba.

Marubutan Hausa na intanet ba baƙin wannan magana ba ne. Duk mai karanta littattafan da ake sayarwa a WhatsApp ya saba ganin dogon gargaɗi a farkon shafi, har da Allah-ya-isa ga wanda ya fitar da littafin kuɗi waje. Kukan nasu na kan hanya. Sai dai idan ka duba bangon wasu daga cikin littattafan, za ka ga hoton wata baiwar Allah da aka ɗauko daga Instagram, ko zanen wani da aka rufe sa hannunsa da sunan littafi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare marubuciyar da mai zanen da mai ɗaukar hoton duka, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira

A 2022 manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fito, masu wasannin rubutu da dama suka ga kamar an yanke musu wahala. Ka rubuta siffar jarumarka, ka samu fuskar da ba ta kowa ba cikin daƙiƙoƙi.

Masu zane ba su gan shi haka ba. An horar da waɗannan manhajoji ne da hotunan da aka kwaso daga intanet ba tare da tambayar masu su ba. Rumbun LAION-5B kaɗai na ɗauke da bayanan hotuna fiye da biliyan biyar. Greg Rutkowski, ɗan ƙasar Poland da ya yi suna wajen zanen dodanni da fagen yaƙi, ya tarar sunansa ya zama kalmar da dubban mutane ke rubutawa domin na'ura ta kwaikwayi salonsa. A Disambar 2022 masu zane suka cika ArtStation da alamar ƙin amincewa. A Janairun 2023 Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz suka shigar da ƙarar Stability AI da Midjourney da DeviantArt a Kaliforniya. Masu bincike a Jami'ar Chicago kuma suka fitar da Glaze, manhajar da ke yi wa zane wani lulluɓi domin rikita na'urar da ke son koyon salonsa.

Kan masu wasannin ya rabu. Wasu sun haramta hotunan na'ura kwata-kwata, musamman inda akwai masu zane a cikin 'yan wasan. Wasu sun yarda da sharaɗin a bayyana cewa na'ura ce ta yi, kuma kada a sa sunan wani mai zane a cikin umarnin. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya kamata ya san abu guda: a Fabrairun 2023 Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ce hotunan da Midjourney ta samar a littafin Zarya of the Dawn ba su da kariya. Wato idan wani ya ɗauke fuskar jarumarka da na'ura ta zana, da wuya ka samu inda za ka kai kuka.

Hanyoyin da ba su da tsada

Wasannin da suka ɗauki abin da muhimmanci ba wani abin a-zo-a-gani suke yi ba. Suna sa gurbin sunan mai zane da adireshin shafinsa ya zama dole kafin a karɓi hoton jarumi. Suna hana datse sa hannu. Idan mai zane ya ce a sauke, a sauke a ranar, ba tare da yi masa wa'azin cewa talla ake yi masa kyauta ba. Suna kuma hana jawo hoto kai-tsaye daga shafin mai shi, domin duk wanda ya buɗe shafin wasan, a kan mai zanen nauyin ke sauka.

Tambayar izinin ma saƙo ne na layi uku: ga wasan, ga inda hoton zai fito, babu kuɗi a ciki ko akwai. Wasu za su ce to, wasu su ce a'a, wasu ba za su amsa ba. Shirun nan ne ke yaudarar mutane, domin suna fassara shi da amincewa.

Ga wanda ba ya son jira, akwai aikin da masu shi suka riga suka ba da izini. Lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a Disambar 2002, yana faɗin sharaɗi a taƙaice: BY na nufin a ambaci suna, NC ban da kasuwanci, ND ban da sauyawa, SA kuma duk abin da aka gina a kai a sake shi da irin wannan lasisi. CC0 shi ne wanda mai shi ya yafe komai. A kula da NC: wasan da ke sayar wa 'yan wasa kaya ko matsayi ba zai fake da cewa shiga kyauta ne ba. Shafin game-icons.net na da dubban ƙananan zane na takubba da garkuwa da dabbobi bisa sharaɗin ambaton suna, OpenGameArt ma haka yake da tarin aiki iri-iri. Picrew na Japan yana ba mutum damar haɗa fuska daga sassan da wani mai zane ya tanada, kuma kowane mai zane ya rubuta abin da ya yarda a yi da nasa.

Gidajen tarihi ma sun buɗe ƙofa. A Fabrairun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotuna kusan 375,000 a ƙarƙashin CC0, sannan Smithsonian ta saki miliyan 2.8 a Fabrairun 2020. Mai neman fuskar sarki ko taswirar tsohon birni zai samu fiye da buƙatarsa. Sai dai a rumbunan gidajen tarihin Turai da Amurka akwai kayan da aka kwasa da ƙarfin bindiga, kamar tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897, waɗanda Smithsonian ta miƙa wa Najeriya mallakar 29 daga cikinsu a 2022. Lasisi na iya halatta wa mai wasa ya ɗauki hoton kan wani Oba ya mayar da shi fuskar mugun dodo a labarinsa, amma a Benin zuriyar masu kayan da maƙeran da suka gaji sana'ar suna nan a Titin Igun, suna kuma da waya a hannu.